Wa Zai Ba Zakara Hayar Ɗaki a Matamaye?

Ina hango bakinku tun daga nan. Kun karanta kan magana kun taɓe shi, wani ma har ya taɓo na kusa da shi: "Zo ka ji wata sabuwa. Wai wahalar neman gidan haya saboda mage da kaji. A Matamaye fa! Wannan malamin kallon talabijin ɗin Turawa ya yi masa yawa." To ku taɓe, bakinku ne. Ni ma haka na taɓe nawa ranar da uwargida ta ce in tambayi dillali ko masu gida za su yarda da dabbobinmu. Na ce, "Haba maman yara, a ƙasar Hausa wa ke neman izini kafin ya ajiye kaza? Ai gidan da babu kaza kango ne." Ta yi mini kallon da mata kan yi wa wanda zai gane a gaba, ta ci gaba da ɗaure kwanukanta.

Takardar canjin wurin aiki ta same ni a Damagaram tsakiyar Satumba, damina tana tattara kayanta, ana shirin komawa lakwal farkon Oktoba. Duk malamin makarantar da ya taɓa karɓar irin takardar nan ya san ba ta tambayar mutum nawa ne a gidanka, balle ƙafa nawa. Mu kuwa in aka bi ta ƙafa, 36 muke: 10 na mutane, 8 na maguna biyu, 18 na kaji tara. Akwai Uwar Gayya, tsohuwar mage mai ruwan toka wadda ta riga autanmu zuwa gidan. Akwai ɗanta, wani ƙaton muzuru da yara ke kira Sarkin Barci, kuma ba su yi masa ƙage ba. Cikin kajin akwai zakara ɗaya, Ladan, da wata baƙar kaza da ke kwance a kan ƙwan zabi goma sha biyu, ta yi mako guda tana kwanci.

Na ji mai hikimar cikinku ya ɗaga hannu: "Ka sayar da su mana. In ka je can ka sayi wasu, ai Matamaye na da kasuwa ran Juma'a." Sannu da ƙoƙari. Daga jin wannan shawara ko dai ba ka yi aure ba, ko kuwa ka yi amma ba ka daɗe ba. Kajin nan ba nawa ba ne. A gidan Bahaushe kazar mace dukiyarta ce, kamar tasoshinta da tumakinta. Miji na iya jin cara da asuba kyauta, iyakar rabonsa ke nan. Su ne bankinta. In yaro ya kwana da zazzaɓi albashi bai fito ba, sagara ɗaya ke zuwa kasuwa ta dawo da magani. In baƙo ya sauka ba shiri, ɗan zakara ne ke fitar da mu kunya. Ban da haka, kazar da ta iya kwanci, ta iya kiwon 'ya'ya, ta san inuwar shirwa tun kafin ta sauko, ba a kai irinta kasuwa. Abin da mutane ke kaiwa shi ne abin da suke so su rabu da shi, musamman in hunturu ya gabato cutar kaji ta fara zagaye. Ka sayi mai gyangyaɗi guda ɗaya ka haɗa da naka, cikin mako guda ka share akurki.

Mage kuwa wa zai saya? Kyauta ake ba da ita tana 'yar ƙarama, har akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani ga cin kuɗinta, ko da yake malamai sun yi ta bayani a kansa. Tsohuwa irin Uwar Gayya ko kyauta babu mai so. Saura a kulle gida a tafi a bar ta, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Uwargida ta tuna mini da wannan hadisi sau uku cikin yini ɗaya. Ban san ta da yawan wa'azi haka ba sai ranar.

Sai na yi gaba ni kaɗai neman gida. Daga Damagaram a bi ta Takeita, a karya kudu a ratsa Kance, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Gero ya yi kai, bishiyoyin gawo tsaye cikin gonaki tsirara, don shi gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi ado. Ƙasar nan ta Matamaye da Magariya da Mirriya ta yi suna a kan gawon da manoma suka raina a gonakinsu, har masu bincike daga ƙasashen waje na zuwa kallo. A tasha ga rake jingine dami-dami. Garin yana kan hanyar Ɗan Barto, daga nan sai Daura sai Kano, don haka mai shayi kan tambaye ka da sefa za ka biya ko da naira. Kuma a nan ofisoshin gundumar Kance suke, wato malaman makaranta, ma'aikatan likita, jandarmomi, 'yan duwan, kowa da takardarsa a aljihu, kowa na neman ɗaki a wata ɗaya. Mai gida a Satumba ango ne.

Dillalin da aka haɗa ni da shi ya ɗora ni bayan babur. Ya ce, "Mushe," don haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu, "iyali nawa?" Na lissafa masa har da masu fukafukai. Ya yi dariya har babur ya yi tangaɗi. "Wannan ai ba magana ba ce, mushe. A garin nan wa ba shi da kaza?" Kun ji ko? Ɗan'uwanku ne. Ku riƙe dariyar tasa, za mu dawo mu karɓa.

Gidan farko na wani Alhaji ne mai sayen amfanin gona. Ɗaki biyu da falo, ga kuran, ga pampo a tsakar gida, an shafe ko'ina da siminti. A jikin gidan yana da mangaza cike da buhunan wake da gyaɗa. Da ya ji mage sai fuskarsa ta washe. "Biyu? Alhamdu lillahi. Malam, ɓeraye sun gama da ni. Da goma gare ka ma ka kawo." Na gyara zama, na ce ga kuma 'yan kaji tara. Murmushin ya koma inda ya fito. Ya nuna mini simintin da ƙafarsa. "Ka san nawa na kashe a nan? Kashin kaza in ya bushe a siminti sai an kankare. Sannan mangazata a buɗe take yini." Na ce, "Ranka ya daɗe, za a yi musu akurki." Ya ce wanda ya fita ma haka ya ce. Daga nan ya shiga ba ni tarihin murar tsuntsaye ta 2006, yadda aka gano ta a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna cikin Fabrairu, wata bai ƙare ba aka tabbatar da ita a Magariya, nan kusa da su, aka bi gida-gida ana kashe kaji. Ya ce tun daga lokacin ba ya son ganin tsuntsu a gidansa sai a cikin miya. Ban ga alaƙar wannan da siminti ba, amma gidansa ne.

Gida na biyu, wata Hajiya ce, mijinta ya rasu ya bar mata sasa uku tana bayar da biyu haya. Tun daga zaure na ji ƙamshin nasara, wato warin akurki. Kaji ko'ina, agwagi a bakin rariya, 'yan tsaki kamar an watsa auduga. Na ce yau na zo gida. Ta ce, "Kaji? Kawo su, ɗana, su shiga cikin 'yan'uwansu. A dai ɗaura musu ƙyalle a fiffike kada a yi rigima." Har mun fara maganar kuɗin wata uku na gaba, sai dillali, Allah ya shirye shi, ya ce, "Da 'yan magunansa biyu, Hajiya." Ta ce, "Mata?" Na ce ɗaya mace. "Ɗayan fa?" Na yi shiru. Ta ce, "Muzuru. A gidan da ke da 'yan tsaki arba'in." Na rantse mata Sarkin Barci ko ƙadangare ba ya kora, ƙuda ma sai ya gaji da shi yake kaɗa kunne. Ta ce, "Ɗana, ai kwanciyar mage ita ce abin tsoro." Na ce a gidanmu tare suke kwana da kaji tun yana jariri. Ta ce, "Naku ya sani. Nawa baƙi ne a wurinsa, kuma baƙo nama ne." Har yau ban sami amsar wannan ba.

Kun fara ganewa? Mai kaji kaɗai ba ya rasa gida a Matamaye. Mai mage kaɗai, rububinsa ake yi. Amma wanda ya zo da duka biyun ya zama kamar mai tallan fetur da garwashi a tire ɗaya. Kowane gida ya riga ya zaɓi ɓangarensa tun kafin ka zo.

Gida na uku ba sai na daɗe a kansa ba. Jerin ɗakuna ne irin na gwagware, ƙofa kusa da ƙofa, tsakar gida kamar zariyar wando. Maƙwabcin da zan samu ma'aikacin likita ne mai kwanan aiki, da hantsi yake barci. Ya tambaye ni ƙarfe nawa zakarana ke cara. Na ce da asuba. Ban faɗa masa cewa asubar Ladan tana farawa tun ƙarfe uku ba, kuma takan maimaita kanta duk lokacin da mota ta haska fitila. Na kawo masa hadisin da ya hana zagin zakara saboda yana tayar da mutane salla. Ya ce shi ba zai zage shi ba, yanka shi zai yi da bisimilla.

A nan ne wani daga cikinku zai ce, "To ai mun faɗa, matsalar Turawa ce ka ɗauko." Bari mu leƙa wajen Turawan, tunda kun matsa. A Faransa tun 9 ga Yulin 1970 doka ta ce duk sharaɗin da mai gida ya rubuta na hana ɗan haya ajiye dabbar gida, a ɗauka kamar ba a rubuta shi ba, muddin dabbar ba ta ɓata gini ko ta dami maƙwabta ba. Ingila sai a Oktoban 2025 ta yi dokar da ta ba ɗan haya damar neman izinin ajiye dabba, kuma mai gida ba zai ƙi ba sai da dalili mai kama hankali. A Amurka akwai gidajen da mage ke da nata kuɗin haya na wata-wata, ban da kuɗin ajiya da ake karɓa tun farko ko za ta yage labule. Birnin New York ya yarda ka kiwata kaji mata, amma zakara haramun ne; da can aka tura ni, da Ladan ya zama ɗan gudun hijira.

Amma wanda ya fi burge ni wani zakara ne mai suna Maurice, a tsibirin Oléron na Faransa. Wasu masu gidan hutu a kusa suka kai ƙara wai yana hana su barcin safe. Aka yi shari'a ta gaske, da lauyoyi da 'yan jarida. A Satumban 2019 kotun Rochefort ta ce zakara ya ci gaba da cararsa, masu ƙara su biya diyyar yuro 1,000, wato kusan jika 656 a kuɗinmu. Farkon 2021 majalisarsu ta yi doka sukutum ta kare sautuka da ƙamshin ƙauye, har da warinsa. Zakaran da Allah ya nufa da cara ke nan, ana muzuru ana shaho ana lauya.

Ku lura, duk waɗannan a rubuce suke. Bature ya san da wa zai yi faɗa, ya san ofishin da zai je. Mu kuwa da muke cewa ba mu da wannan matsala, abin da ba mu da shi takarda ce kawai. Yawancin hayar da ake yi a garuruwanmu da baki ake ƙulla ta, gaban dillali da shaida ɗaya ko biyu, kuma babu mai kawo zancen kaza a wurin. Dokar tana nan daram, sai dai ba a hannun mai gida take ba. Gida na huɗu ne ya koya mini inda take.

Mai wannan gida a Kano yake kasuwanci, sai da salla yake leƙowa. Dillali ya kira shi a waya, na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da muzuru, don na gaji da ɓoye-ɓoye. Ya ce, "Malam, ko raƙumi gare ka ka kawo, in dai za ka biya a kan lokaci." Na ce madalla. Dillali ya dube ni da alfahari, irin na "ban faɗa maka ba?" Muka shiga duba sashen. Gidan ƙasa ne mai faɗi, sasa huɗu, ga dalbejiya a tsakiya. Kuma daga bakin zaure har gindin bishiyar babu inda za ka sa ƙafa. Tabarmi ne a shimfiɗe: nan surfe, can tsaki, can kuɓewa yankakkiya, can gyaɗa sabuwar cira. A kan kujera 'yar tsugunne, da tsumagiya a hannu, wata tsohuwa na zaune tana kallon sama ko tsuntsu zai yi gangancin sauka.

Ita ma haya take, amma ta fi shekara ashirin a gidan. Kowa Inna yake ce mata. Da sana'ar fura da ƙuli-ƙuli ta aurar da 'ya'yanta, kuma tsakar gidan nan ita ce masana'antarta. Na durƙusa na gaishe ta. Dillali ya ce, "Inna, ga sabon maƙwabci, mushe ne. Alhaji ya amince." Ta ce, "Alhaji a Kano yake shanya?" Dillali ya sosa ƙeya. Ku miƙo mini dariyar nan tasa da na ba ku ajiya.

Kun gani, wanda ya kama sashe a gidan haya ba ɗaki kaɗai ya kama ba. Ɗakin ai na dare ne. Rayuwa a tsakar gida ake yin ta: daka, girki, wanki, shanya, alwala, rarrafen yara. Mage da kaza kuwa ba su san iyakar sashe ba, ba su san wa ya biya wa bai biya ba. Kuma ni da ƙafafuna 36 na zo daidai bakin kaka, lokacin da kowace tabarma a ƙasar Kance ke ɗauke da abin da aka yi wata huɗu ana wahala a kansa. Inna ta taƙaita mini tarihin gidan cikin numfashi ɗaya. Wanda ya zauna a sashen kafin ni, kajinsa suka cinye mata tsaki, magen wata maƙwabciya ta cinye masa 'yan tsaki, da aka kira mai gida a waya ya ja tsaki ya kashe. Wata shida matan gidan ba sa ga maciji da juna, har sai da mai unguwa ya shiga.

Ni kuma da ɗan karatuna na ce bari in gwada fiƙihu. Na ce, "Inna, ai a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukunci: da rana masu gona ne ke tsaron kayansu, abin da dabba ta ɓata da dare shi ne mai ita ke biya." Ta ce, "Ɗan nan, ni ban yi karatu mai zurfi ba. Wace dabba ce ta yi ɓarnar da aka yi hukuncin a kanta?" Na ce taguwa ce ta shiga gonar wani. Ta ce, "To. Ran da taguwarka ta hau tabarmata da ƙafa biyu tana tono, sai mu buɗe littafi." Dillali ya fita waje, wai zai duba babur.

In kuna jiran in ce na fusata na tafi, ba ku san Satumba ba. Saura kwana tara a buɗe makaranta, kuɗin masauki na cin aljihuna. Na koma Damagaram na ba uwargida labari, ina sa ran za ta ce a rage kajin. Sai ta ce, "Kai ka je neman gida wurin maza. Gobe ni zan je." Ta dafa ƙwai shida, ta ƙulla goro da sabulu, ta bi motar safe. Abin da suka tattauna ban ji ba, don ba a gayyace ni ba. Da la'asar ta dawo da yarjejeniyar da ta fi ta Faransa tsauri. Kaji za su zauna a akurki daga safe har a kwashe shanya, sannan a sake su su yi kiwo zuwa magariba. Za a rage wa kowace gashin fiffike ɗaya don kada su haura katanga. Shara ta gefen akurki tamu ce kullum, kashin kuma a tara wa Inna a buhu, tana da 'yar gona a bayan gari. Muzuru in ya taɓa ko da gashin ɗan tsakon wani ne, ranar zai bar gidan. Ladan kuwa, Inna ta ce ba ruwanta da shi, ita tana riga shi tashi.

Na ce, "Ƙwai shida suka yi wannan aikin?" Ta ce, "Gaisuwa ta yi. Kai da ka je, littafi ka buɗe mata."

Ranar ƙaura, ga abin da na koya, ko da wani cikinku mai taɓe baki zai buƙace shi a ɓoye. Kaza da dare ake kama ta, in ta hau makwanci, don idonta ba ya aiki a duhu. Wanda ya ce zai kama kaji tara da rana, unguwa ce za ta sha kallo. A keji ake zuba su inda iska ke shiga, a tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kada a biye wa masu cewa a jefa mage a buhu a ɗaure baki, zafi na iya kashe ta kafin Takeita. Kwando mai murfi aka sa kowace, da tsumman da ta saba kwanciya a kai. Direba ya dubi kwandunan da ke kuka ya ce kuɗin kaya daban, kuɗin masu rai daban. Baƙar kaza da ƙwanta a ƙwarya aka sa su, an yi musu shimfiɗar ƙaiƙayi, uwargida ta rungume a cinya tun daga Damagaram, duk ramin da mota ta faɗa sai ta harari direba ta madubi.

In an isa, kaji sai sun yi kwanaki a kulle kafin su yarda nan ne gida, in ba haka ba magariba na yi kowace za ta nemi makwanci a gidan wani. Mage ta fi wuya, don ita wuri take riƙewa fiye da mutum. Mako biyu ake so ta yi a cikin ɗaki, ta shinshina kowane lungu, ta goga kumatunta a ƙafar gado da bakin ƙofa har wurin ya ɗauki ƙamshinta. Turawan Ingila na da camfin shafa mata man shanu a tafin ƙafa wai don ta manta tsohon gida. Na faɗa wa uwargida, ta ce man shanun da ba mu samu mun sa a tuwo ba.

Sarkin Barci bai ba mu matsala ba. An buɗe kwando ya fito, ya dubi sabon ɗaki, ya koma cikin kwandon ya kwanta. Ƙwan zabi kuwa, da yake shi kwana 28 yake ɗauka ba 21 irin na kaza ba, sai da muka yi kwanaki a Matamaye kafin ya fashe. Bakwai suka fito cikin sha biyu. Duk wanda ya san zabuwa ya san abin da na jawo wa gidan: in suka girma suka haɗa baki, Ladan kansa sai ya nemi wurin ɓuya. Wannan rigimar tana gaba, ban faɗa wa Inna ba tukuna, ko da yake na ga tana ƙirga su da ido.

Uwar Gayya ce ta karya doka. A dare na biyar ta sami tagar da ba ta rufu sosai ba, ta fice. Muka kwana muna haska fitila a lunguna, yara na kuka, uwargida na karanto mini hadisin nan karo na huɗu kamar ni na buɗe tagar. Da gari ya waye sai ga Inna a ƙofar sashenmu, tsumagiya a hannu. Na ce shi ke nan, a fara ɗaure kwanuka. Ta ce, "Ɗan nan, zo ka gani." A bakin ɗakin da take ajiye gyaɗa ga gafiya kwance, ƙatuwa, wadda ta ce ta yi wata uku tana yi mata ɓarna, ta ci guba ta ƙi mutuwa, ta raina tarko. A kan buhun gyaɗar kuwa ga Uwar Gayya tana lasar hannu, ko kallonmu ba ta yi ba.

Tun daga ranar ba ta sake kwana a sashenmu ba. Mun kira, mun yi dabara da kan kifi, autanmu ya ɗauko ta sau uku tana komawa. Inna ta yanka mata tsohon zane ta yi mata shimfiɗa, tana zuba mata nono a sakaina, irin nonon da in ɗana ya je saye sai an auna masa da ludayi. Ni na yi kwana huɗu a bayan babur, na sha rana, na biya dillali, na biya wata uku gaba, aka kayar da ni a fiƙihu gaban jama'a. Ita ta fita ta taga cikin dare ɗaya ta sami ɗaki da abinci, ba ta biya ko dala ba.

Jiya da yamma ina gyara akurki Inna ta leƙo. Ta ce, "Mushe, an ce ku ma'aikata ba a barin ku wuri ɗaya." Na ce haka ne, Inna, in takarda ta zo sai tafiya. Ta ce, "To in ta zo, ku tafi da kajinku da wancan malalacin. Tawa tana nan."